Sharhi Kan Wani Gandun Rainon Itatuwa a Kasala, Wata Goma Bayan Dashen Ɗalibanmu

Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi har tsawon wata goma, domin ba a yanke wa mai sayar da dashe hukunci a ranar ciniki. Duk tsiron da ke cikin leda a ƙarƙashin rumfa kore ne shar, kuma ba a sanin ingancinsa sai ya sha iskar hunturu, ya gamu da bakin akuya, sannan bazara ta gasa shi. Yanzu muna ƙarshen watan Afrilu, zafin Kasala, a nan gabashin Sudan, yana haura digiri 40 kusan kullum, kuma abin da zai mutu daga cikin itatuwan da ɗalibanmu suka dasa ya riga ya mutu. Saboda haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da gandun da muka sayo su, ko wasu makarantu masu irin niyyarmu za su ƙaru.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare da ke yamma da kogin Gash, inda yawancin ɗalibai 'ya'yan Hausawa ne, jikokin waɗanda suka biyo hanyar Makka da ƙafa suka yada zango a nan, har zangon ya zama gida. Bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023 makarantu sun daɗe a rufe, kuma tamu, kamar wasu da yawa a garin, ta zama masaukin waɗanda suka baro Khartum, daga baya kuma aka sami ƙarin waɗanda suka baro Wad Madani a watan Disambar shekarar. Da aka koma karatu sai muka tarar da farfajiyar makaranta fayau, itatuwan da muke fakewa a inuwarsu duk sun shiga murhu. Ban ga laifin kowa ba, domin uwar da yara ke kuka a gabanta, ga tukunyar gas ta gagari talaka, ba za ta tsaya duba amfanin inuwa ba. Ɗaliban manyan azuzuwa ne suka haɗa kansu suka ce za su mayar da abin da aka rasa, kuma za su zaga unguwa suna wayar da kan jama'a a kan abubuwa uku da suka dami garin: sare itatuwa don gawayi, mamayar itacen miskit, da tarkacen leda da gwangwani da ke tara ruwa sauro ya hayayyafa a ciki. Na ƙarshen ba ya bukatar dogon bayani a Kasala, domin babu gidan da ya manta da zazzaɓin cikungunya na 2018, wanda mutane suka laƙaba wa suna kankasha saboda yadda yake ƙage gaɓoɓi. Da karo-karon ɗalibai da gudummawar iyaye aka tara kuɗin da zai sayi dashe ɗari da 'yan kai, aka ɗora mini nauyin raka su ciniki.

Gandun, wanda a nan ake kira mashtal, yana cikin lambunan Sawagi ta kudu, a tsakanin wata gonar ayaba da wata ta lemo, inda ake hango duwatsun Taka sarai idan babu ƙura. Ba shi da allon suna a bakin hanya, kuma mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, da ya kai mu sai da ya yi tambaya sau biyu. Filin bai da girma sosai. An kasa shi gida biyu: rumfar asabari inda ƙananan tsirrai suke, da buɗaɗɗen fili inda ake fitar da waɗanda suka tasa su saba da rana. Ruwa daga rijiya yake zuwa, ana ja da injin sola, abin da ya sa ban ruwa ba ya tsayawa ko da an yi ƙarancin man fetur. Mai gandun dattijo ne da ya haura shekara sittin, yana jin Hausa da Larabci duka, kuma shi da 'ya'yansa biyu ne ke yin aikin.

Abin da ya fara faruwa shi ne ya hana mu sayen abin da muka zo saye, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake yaba masa. Ɗalibai sun zo da shawara guda: damas suke so, itacen nan mai koren ganye da ya cika titunan garuruwan Sudan da na ƙasashen Larabawa, saboda yana saurin tasowa, cikin shekara biyu ya yi inuwa. Yana da shi da yawa a gandun, kuma da ya ga dama da ya ƙirga mana ɗari ya karɓi kuɗinsa. Sai ya tambayi shugabar ƙungiyar inda za su dasa, ta zana masa taswirar makaranta a ƙasa da tsinke, ta nuna masa katanga da masai da tankin ruwa. Ya dubi zanen ya ce, “'Yata, idan kika sa damas a nan, kafin ƙannenki su gama makarantar saiwarsa ta shiga masai, ta fasa bututu, ta tsaga katanga.” Yarinyar ta ce, “To Baba, ai mu inuwa muke nema da wuri.” Ya juyo gare ni ya ce, “Ustaz, gaya musu yadda aka yi miskit ya shigo ƙasar nan, ai shi ma gaggawar ce ta kawo shi.”

Darasin da nake koyarwa a aji ne ya mayar mini, amma a bakinsa ya fi nauyi. Miskit ɗan asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma ɗan'uwan ƙiryar da kakanninmu suka sani a ƙasar Hausa. An shigo da shi Sudan a 1917, aka fara dasa shi a Khartum, daga baya aka yaɗa shi da kyakkyawar niyya domin ya tare rairayi ya hana kwararowar hamada, tunda yana jure fari kuma yana saurin girma. Awaki da raƙuma suna son kwansonsa saboda zaƙi, irin kuma yana ratsa cikinsu ya fito lafiya a cikin kashi, ya tsiro duk inda suka bi. Ta haka ya cinye filayen noma a yankin da kogin Gash ke malala a arewacin Kasala, da na Tokar, da gonakin Sabuwar Halfa, ya toshe magudanan ban ruwa, saiwarsa tana nitsewa ta sha ruwan ƙasa, ƙayarsa tana fasa tayar mota da ƙafar yaro. A 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi, amma wanda ya bi hanyar garin Aroma da ke arewacin Kasala yau zai ga wanda ya yi nasara tsakanin umarnin da itacen. Dattijon bai ce damas da miskit ɗaya suke ba, ya dai ce akwai inda damas ya dace, kamar gefen gona mai nisa da gini inda ake son makarin iska, kuma farfajiyar makaranta ba ta ciki.

A maimakonsa ya zaɓa mana dashe 120. Arba'in darbejiya ce, wadda a nan ake ce wa nim, domin ita ce za ta fi saurin ba da inuwar da yaran ke nema ba tare da ta yi ɓarnar damas ba, muddin an nisanta ta da gini. Sauran ya cika da itatuwan da ƙasar ta sani: kurna ashirin, aduwa ashirin, zogale goma sha biyar, tsamiya goma, bagaruwa goma, sai lemun tsami biyar da 'yan mata suka nace a kai duk da ya gargaɗe su cewa lemo ba ya haƙurin ƙishirwa. Na ji daɗin yadda yake ambaton kowane itace da sunansa biyu, yana cewa kurna ita ce sidir mai haifar nabag, aduwa ita ce hijlij mai haifar lalob, bagaruwa ita ce sunut wadda majema ke jima da kwansonta a nan kamar yadda ake yi a Kano. Da yawa daga ɗaliban sun san sunan Larabcin ne kawai, sai a ranar suka gane cewa aduwar da kakarsu ke ambata ita ce lalob ɗin da suke tsotsa a hanyar makaranta.

Ta fuskar ingancin dashen, mafi yawansa ya cancanci yabo. Ƙasar da ke cikin ledojin haɗi ce ta lakar da Gash ke ajiyewa bayan ya janye, da yashi, da takin dabbobi, ba ta daskarewa kamar dutse idan ta bushe, ba ta kuma wargajewa idan an yanke leda. Kogin, wanda ke tasowa daga tsaunukan Eritiriya ya yi gudu na 'yan watannin damina kawai sannan ya ƙare a cikin ƙasa ba tare da ya kai teku ba, shi ne ya rusa unguwanni a ambaliyar 2003, kuma shi ne dai ke ba lambunan Sawagi wannan ƙasa mai albarka. Na lura ana ɗaga ledoji ana canza musu wuri lokaci-lokaci, domin kada saiwa ta huda gindin leda ta kama ƙasa, wanda idan ya faru sai an tsinke ta ranar sayarwa, tsiron kuma ya yi yaushi a hanya. Haka kuma duk abin da ya ba mu daga buɗaɗɗen fili ya ɗauko, bai taɓa na cikin rumfa ba ko da yake sun fi kyan gani, ya ce waɗancan ba su san rana ba tukuna. Waɗanda muka ɗauka gajeru ne, kararsu ta yi kauri, ganyensu bai yi sheƙi ba, har wani ɗalibi ya raɗa mini cewa kamar an ba mu ragowa. Su ne dai suke tsaye yau.

Batun farashi ba zan rubuta adadi ba, domin yadda darajar fam ɗin Sudan ke zubewa, abin da muka biya a watan Yunin bara ba zai yi wa mai karatu amfani ba. Abin da zan iya cewa shi ne mun taya a wurare biyu a cikin gari kafin mu je, kuma nasa ya fi sauƙi a itatuwan inuwa, ya yi daidai da na kowa a lemo. Ya yi mana rangwame da ya ji na makaranta ne, ba tare da mun roƙa ba. Yana karɓar kuɗi ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, wanda ya sauƙaƙa mana ƙwarai a lokacin da takardar kuɗi ke wuyar samu. Sai dai ba ya ba da rasit, kuma wannan ya jawo wa ma'ajin ƙungiyar wahala a gaban iyayen da suka ba da gudummawa, har sai da na koma na sa ɗansa ya rubuta mana lissafi a fallen takarda. Ba shi da abin hawa na kai kaya. Amalanken jaki muka ɗauka haya, ya yi sawu biyu, kuma dashe huɗu sun jigata saboda girgizar hanya, ko da yake uku sun farfaɗo.

Yanzu sai laifuffukansa, waɗanda ba ƙanana ba ne. Na farko, babu alamar suna a kan ko leda ɗaya. Shi ya san kowane tsiro da ido, amma da aka sauke kaya a makaranta sai suka cakuɗe, kuma itatuwa masu ƙaya suna kama da juna suna ƙanana. Sakamakon haka an dasa bagaruwa uku a kan tudu, alhali ita ƙasa mai riƙe ruwa take so, kamar yadda dazukanta suke a gaɓar kogin Nilu inda ambaliya ke kwanciya. Ɗan guntun kwali da alƙalami sun isa su hana wannan.

Na biyu ya fi ciwo, kuma har yanzu ina mamakin yadda mutum mai irin saninsa ya bari ya faru. Mako uku bayan dashe, sai wasu ƙananan tsirrai suka ɓullo a gindin itatuwa tara, daga cikin ƙasar da ta zo a leda. Da suka buɗe ganye sai ga shi miskit ne. Takin awakin da ya haɗa ƙasar da shi bai ruɓe sosai ba, irin yana ciki da ransa. Wato ɗaliban da suka tashi yaƙar miskit sun sayo shi da kuɗinsu sun shigo da shi makaranta. Mun tumɓuke su tun saiwa ba ta nitse ba, kuma ɗalibai sun ajiye biyu a gwangwani suna zagawa da su gida-gida, suna nuna wa masu kiwon awaki yadda itacen ke tafiya a cikin taki, abin da ya fi duk allunan da suka zana jan hankalin mutane. Amma wannan dabarar yaran ce, ba ta wanke mai gandun ba. Da a gona aka kai dashen, inda ba wanda ke duba gindin itace kowace safiya, da ya yi wa mai saye dashen masifa. Da na kai masa ƙorafi bai yi musu ba, ya ce takin ya ƙare masa a lokacin ya sayo sabo bai jira ba. Na ga ya haƙa rami yana binne taki yana yayyafa masa ruwa a zuwana na baya, sai dai ba zan iya shaida cewa ya magance matsalar ba sai na ga ledojin bana.

Na uku, tsamiyoyin da ya ba mu sun tsufa a leda. Da muka yanke ledojin mun tarar da uwar saiwar ta naɗe a gindi kamar gammo, kuma itacen da saiwarsa ta naɗe haka ba ya nitsawa neman ruwa. Shida daga cikin goma sun bushe kafin ƙarshen hunturu. Ya sayar mana da su da araha, amma bai faɗa mana dalilin arahar ba, kuma a nan ne kawai na ji kamar ɗan kasuwa ya rinjayi malamin da ke cikinsa.

Abin da ya yi bayan ciniki ya rage mini zafin waɗannan. Ranar dashe, bayan ruwan sama na biyu a watan Yuli, ya zo makarantar da kansa ba tare da an biya shi ba. Ya nuna wa yara zurfin ramin da ya dace, ya hana su zuba taki kai tsaye a kan saiwa, ya sa su yi wa kowane itace ɗan kwari a kewaye domin ya tare ruwa, tunda ruwan da Kasala ke samu a shekara bai cika kai milimita 300 ba, kuma a 'yan watanni yake zuba ya ɗauke. Mafi amfani cikin abin da ya koya musu shi ne binne ƙaramin tulu marar fenti a gefen itace, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa, ruwan ya riƙa tsatsafowa a hankali zuwa saiwa. Inda tulu bai samu ba, aka yi amfani da robar ruwa da aka huda da allura. Mu da muke sayen ruwa ganga-ganga daga masu amalanke, wannan ya rage mana kashe kuɗi sosai a rani. Rufe bakin tulun kuma ya dace da abin da ɗaliban ke faɗa wa mutane game da sauron da ke ƙwai a ruwa mai tsabta da aka bari a buɗe. Da gara ta taso wa wasu darbejiyoyi a watan Nuwamba, ya ce a zuba toka a kewayen gindi a kuma kwashe busassun kara daga wurin, an yi, ɓarnar ta ragu ko da yake ba ta tsaya gaba ɗaya ba.

A ƙidayar da ɗalibai suka yi makon jiya, 83 ne ke raye daga cikin 120. Darbejiya 33 sun tsira, wasu sun kai kafaɗar babban mutum. Kurna da aduwa ba sa sauri, har yanzu ba su wuce gwiwa ba, amma su ne suka fi nuna ko-in-kula da zafin nan, kuma 32 daga cikin arba'in suna nan. Lemo ɗaya ne ya rage, kamar yadda ya yi hasashe. Asarar zogale kuwa tamu ce: mun yi sakaci da shinge a lokacin hutu, awakin unguwa suka shigo suka kwashe tara a yini guda. Shidan da suka rage sun yi kwanso, kuma ɗalibai sun daka irin sun gwada tace ruwa mai laka da shi a gaban iyaye, dabarar da matan ƙauyukan bakin Nilu suka daɗe da sani, har a Larabcin Sudan ana kiran itacen rawwag saboda wannan aiki. An dai jaddada wa mutane cewa ruwan yana washewa ne kawai, tafasa shi ko sa masa magani bai faɗi ba.

Akwai wani abu ƙarami da ya dame ni tun ranar dashe, wato baƙaƙen ledoji 120 da suka rage a hannunmu. Ƙungiyar da ke yi wa unguwa wa'azi a kan leda ba za ta watsar da su a bola ba, ƙona su kuma ya fi muni. Mai gandun ba shi da wani tsari na karɓar su, domin an saba yanka leda ne a jefar. Da ɗalibai suka yi masa magana ya yarda cewa idan aka jiƙa ƙasar sosai aka zare tsiron a hankali, leda mai kauri tana iya yin zagaye na biyu, kuma ya ce zai rage wani abu a farashi ga duk wanda ya dawo da su lafiya. Wannan shawarar yaran ce, amma na yaba da yadda dattijo ya saurari 'yan shekara goma sha shida bai raina su ba.

Ga makaranta ko masallaci ko ƙungiyar unguwa da ke son itatuwan inuwa masu ɗorewa, ina ganin wannan gandu ya fi wuraren da ke jera dashe a bakin titi, inda ake miƙa wa mutum abin da ya nuna kawai. Wanda yake neman furanni na ado ko mangwaro mai aure da yawa, gara ya nufi wani wuri, domin abin da ke nan kaɗan ne. Duk wanda zai je, ya tafi da kwali ya rubuta sunan kowane dashe kafin a loda, ya nemi a yanke masa leda ɗaya daga kowane iri ya duba saiwa, musamman tsamiya, ya tambayi tsawon lokacin da takin ya yi a binne, kuma ya nemi lissafi a rubuce. Zuwa da sassafe ya fi, domin da rana ta take dattijon yana shiga lambu, 'ya'yansa kuma ba su kai shi sani ba.

Mu dai za mu koma. Ɗalibai sun tara ƙwallon aduwa da na kurna daga abin da aka ci a gidajensu a hunturu, mun kai masa a watan Fabrairu, ya amince zai raina mana su a kan kuɗin leda da ruwa kawai, da sharaɗin cewa biyu daga cikin yaran za su riƙa zuwa kowace Asabar suna taya shi ɗaga ledoji. Na ce masa a wannan karon ni zan kawo takin da hannuna daga wani tsohon turke da ya shekara biyu babu dabba a kansa, ya yi dariya ya ce, “Ustaz, kawo, amma shi ma sai na binne shi.” Za mu ɗauko dashen a ƙarshen watan Yuni, idan Allah ya kai mu.